Na gwada Linux Mint, amma ta yaya ake sa manhaja a cikinta?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin sakandare ne a Gusau. Ina da HP EliteBook 'yar Beljiyam, Core i5 zubi na shida, RAM giga 8. Da na ji an daina kula da Windows 10, ita kuma ta ƙi karɓar Windows 11, sai wani abokin aikina ya ba ni filas mai Linux Mint a ciki. Na kunna daga filas ɗin, na ga tana gudu ba laifi. Amma da na kwaso fayilolina na .exe, na Chrome da Office da CorelDraw, na danna su, ko motsi ba su yi ba. Shin in ɗora ta gaba ɗaya? In na ɗora, ta yaya ake sa manhaja? Datata ba ta da yawa, wuta kuma sai a hankali. Aikina buga tambayoyin jarrabawa ne, har da na Hausa, da ɗan zanen katin biki jefi-jefi."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. In na fahimce ka, kana son sanin ko kwamfutarka za ta ɗauki Mint, da abin da ya hana fayilolinka buɗewa, da kuma yadda mutum zai yi wannan hidima da 'yar data da wutar da ba ta da alƙawari. Ta farko amsarta gajera ce. Za ta ɗauka, har da rara. Masu Mint sun ce giga 2 na RAM da giga 20 na ma'ajiya sun isa a fara, giga 4 kuma a ji daɗin aiki, kai kana da 8. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta rufe kulawar da ta saba ba Windows 10, ita kuma Windows 11 tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Shi ya sa taka ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ciwo take yi ba, sharaɗi ne bai hau kanta ba.

Abin da ya hana .exe motsi

Fayil ɗin .exe an ƙera shi ne ya yi magana da Windows. Yana kiran ayyukan da Windows kaɗai ta san sunayensu, yana neman folda irin ta Windows ya zauna. Linux ba ta san wannan yare ba. Makullin wani gida ne ka zura a ƙofar wani gidan, ba laifin makulli ba, ba laifin ƙofa ba.

Amma a ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke wahalar da sabbin shiga shi ne halin da muka saba da shi. Mun taso muna kai kwamfuta wurin mai shago, ya jona babban faifansa, ya zubo mana manhajoji ashirin da kirak ɗinsu, wani lokaci har da bairos kyauta. Ko kuma mu shiga intanet muna farautar fayil daga wannan shafi zuwa wancan, muna kauce wa maɓallan ƙarya masu cewa a danna nan. A Linux ba haka ake sayayya ba. Akwai rumbu guda da masu tsarin suka cika da manhajoji, suka gwada su tare, suka sa musu hatimi na lissafi wanda kwamfutarka ke dubawa kafin ta karɓi komai. Kai dai ka faɗi sunan abin da kake so, ita ta je ta ɗauko. Idan kana da wayar Android ka riga ka san wannan tsari, domin Play Store ke nan. Sai dai Linux ta riga wayoyi fara shi da shekaru masu yawa.

Ɗan tarihi kaɗan zai yi maka amfani, ba don jarrabawa ba, don neman taimako. Linus Torvalds ya fara rubuta zuciyar Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. A 1993 Ian Murdock ya kafa Debian, wadda ta kawo ƙunshin manhaja mai suna .deb, daga baya aka ƙara mata apt, ɗan aiken da ke zuwa rumbu. A 2004 Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya fito da Ubuntu a kan harsashin Debian. A 2006 Clément Lefèbvre ya fara Mint, wadda ke zaune a kan Ubuntu. Wato Mint jika ce ga Debian. Amfanin sanin wannan shi ne, Mint 22 da ta fito a Yulin 2024 an gina ta a kan Ubuntu 24.04, saboda haka yawancin bayanin da ka samu na Ubuntu 24.04 zai yi maka aiki. Wanda aka rubuta don Fedora ko Arch kuwa ba naka ba ne. Ka ga dnf ko pacman a cikin umarni, ka wuce, wani dangi ne daban. Ni ma aikina kusan duka a gidan Debian nake yinsa, kuma iyakar shawarata ke nan.

Akwai wani bambanci da ya shafi datarka kai tsaye. Manhajar Windows takan taho da duk kayan aikinta a jaka guda, shi ya sa take da nauyi. Ta rumbun Linux kuwa tana aron kayan da ke kwamfutar tuntuni. Manhajoji goma za su iya amfani da guntu ɗaya na karanta hoto ko na fitar da sauti. Idan ka nemi VLC, apt zai duba me take buƙata, me kake da shi, ya sauko da abin da ya rage kawai. Idan kuma aka gano ɓaraka a wancan guntun, gyara ɗaya ya wadatar da duka goman.

Kafin ka taɓa faifan

Shawarata kar ka share Windows yanzu. Ka ɗora Mint a gefenta, duk lokacin da ka kunna ka zaɓi wadda za ka shiga. Dalilina CorelDraw ne, zan zo kansa. Bayan wata uku, in ka ga ƙura ta rufe ɓangaren Windows, sai ka share da hujja.

Da farko kwashe takardunka zuwa wani faifai ko filas daban. Ban taɓa ɗora wa kowa ba sai na ga ya yi wannan da idona, domin rarraba faifai aiki ne da kuskure ɗaya ke cinye tambayoyin jarrabawar shekara biyar. Sannan ka duba wace Mint ce a filas ɗin abokinka. Jerin 22 na da kulawa har 2029, jerin 21 har 2027. In ta girmi waɗannan, sauko da sabuwa daga shafin Mint na ainihi. Ba ta kai giga 3 ba, kusan rabin ta Ubuntu 24.04. Ka sauko da ita ta hanyar torrent, wato tsarin saukar da fayil guntu-guntu daga kwamfutoci da yawa, in da hali, domin ko layi ya yanke za ta ci gaba daga inda ta tsaya, kuma tana duba kowane guntu da kanta. Rufus ko balenaEtcher za su rubuta maka ita a filas.

Tun kana cikin gwaji daga filas, kafin ka danna komai, gwada Wi-Fi, sauti, kyamara, maɓallan ƙara hasken allo, ka jona firintar makaranta ka gani, ka jona wayarka da igiya ka kunna raba data. Abin da ya yi aiki a nan zai yi bayan an ɗora. Irin kwamfutarka galibi kayan Intel ne a cikinta, su kuma Linux ta san su ciki da bai.

A ɓangaren Windows akwai abu biyu. Ka kashe Fast Startup, domin idan tana kunne Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, takan bar faifan a kulle kamar mai gyangyaɗi da makulli a hannu. Idan kuma BitLocker, makullin faifai na Windows, na aiki, ka nemo dogon lambar buɗe shi ka rubuta a takarda kafin komai. Kwamfutocin Beljiyam da yawa daga ofisoshi suka fito, wasu da wannan kulle suke zuwa mai su bai sani ba.

Sauran mai sauƙi ne. A HP maɓallin F9 ke kawo jerin wuraren tashi, a Dell da Lenovo F12. Ka zaɓi a ɗora a gefen Windows, ka ba Mint aƙalla giga 60 in faifan zai bari. Za ka ga wani ɗan akwati na kayan buɗe bidiyo da sauti, ka sa masa alama. In ya nemi ka ƙirƙiri kalmar sirri saboda Secure Boot, wato binciken tsaro da kwamfuta ke yi lokacin tashi, ka rubuta ta a takarda, za a tambaye ka ita sau ɗaya a wani shuɗin allo bayan an sake kunnawa, inda za ka zaɓi Enroll MOK. Mutane da yawa na firgita da wannan allo su wuce shi. Kuma kar ka fara sai batir ya cika.

Wani ƙaramin abu da ke rikita masu tsarin biyu: agogo. Windows na ajiye lokacin gari a agogon cikin kwamfuta, Linux na ajiye lokacin duniya na UTC. Mu Najeriya da Nijar muna gaban UTC da awa ɗaya, saboda haka in ka fito daga Mint ka shiga Windows sai ka ga agogo ya koma baya da awa guda. Na san wanda ya kusa makara sallar Juma'a a kan haka. Maganinsa layi ɗaya ne da za ka rubuta a Terminal na Mint, wanda zan yi bayaninsa a gaba: timedatectl set-local-rtc 1. 'Yan'uwanmu na Kumasi da Tamale ba su san wannan matsala ba, don lokacin Ghana daidai yake da UTC.

Ranar farko

Kafin ka sa ko manhaja ɗaya, buɗe Timeshift ka ɗauki hoton tsarin. Yana ajiye yadda kwamfutar take a wannan lokaci, in ka ɓata wani abu gobe ka dawo nan cikin 'yan mintuna. Ka lura, tsarin yake karewa, ba takardunka ba, waɗannan kai ne da filas ɗinka. Daga nan ka shiga Software Sources ka bar shi ya gwada rumbunan da ke warwatse a duniya, ka zaɓi wanda ya fi sauri daga inda kake. Ba lallai wanda ya fi kusa a taswira ne zai fi gudu ba, ka bi lambar da ya nuna. Sai Update Manager. Sabuntawar farko ita ce mai nauyi, takan ci ɗaruruwan mega, wannan ka bar ta sai dare in kana da datar dare, ko ka nemi Wi-Fi. Driver Manager kuma ka leƙa shi sau ɗaya. Masu katin hoto na NVIDIA ko Wi-Fi na Broadcom ne suka fi buƙatarsa, kai mai yiwuwa ya ce maka babu abin yi.

Ƙofofin shigo da manhaja

Ƙofa ta farko Software Manager, wato kantin. Ka rubuta suna, ka danna Install, ka sa kalmar sirri. Kashi mafi yawa na buƙatunka a nan za su ƙare. Sai dai akwai tarko ga mai ƙaramar data, kuma a nan nake so ka nutsu. Manhaja ɗaya takan fito iri biyu: System Package da Flatpak. Ta farko daga rumbun Mint da Ubuntu take, ƙarama ce, tana aron kayan gida, amma takan tsaya a zubin da aka fitar da tsarin da shi. Ta biyu daga wani rumbu daban mai suna Flathub take, galibi sabuwa fil, amma tana zuwa da nata harsashin. Flatpak na farko da za ka sa zai jawo wannan harsashi, mega ɗari-ɗari, ko da manhajar kanta 'yar mitsitsiya ce. Na taɓa ganin wani ya sa ɗan abin karanta littafi, ya dawo yana salati wai datar mako ta tafi. Kantin yana nuna girman abin da za a sauko kafin ka danna, ka riƙa dubawa.

Misali a fili shi ne GIMP, manhajar gyaran hoto. A rumbun Mint 22 zubi na 2.10 ne, alhali zubi na 3.0 ya fito tun Maris 2025 kuma Flathub ke da sabon. Wanne za ka ɗauka? In ba ka san takamaiman abin da kake nema a sabon ba, ɗauki na rumbu. Tsufansa ba ya nufin an yi watsi da shi, wancan zubin aka gwada da sauran tsarin. In kuma ka riga ka sa Flatpak biyu ko uku, na gaba zai yi sauƙi, don sukan raba harsashi ɗaya. Za ka kuma ji ana maganar Snap, na kamfanin Ubuntu ne. Mint ta toshe shi tun 2020, kuma ban ga dalilin da zai sa ka buɗe ba.

Ƙofa ta biyu ita ce baƙin allon nan da ke tsorata mutane, Terminal. Rumbu ɗaya ne da na kantin, sai dai a nan da rubutu ake magana. Ctrl da Alt da T za su buɗe shi. Ka rubuta sudo apt update, ya sabunta jerin kayan da ke rumbu. Sannan sudo apt install vlc inkscape scribus, ka ga manhaja uku a layi ɗaya. Cirewa kuma sudo apt remove da sunan. Kalmar sudo na nufin ka ari rigar mai gida na ɗan lokaci, shi ya sa ake tambayar kalmar sirri. Da kake rubuta ta ba za ka ga komai a allo ba, ko tauraro. Ba kibod ne ya mutu ba, haka aka yi shi, ka rubuta ka danna Enter. Nan kuma babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne, kuma liƙa rubutu da Ctrl da Shift da V ake yi.

Na fi son wannan ƙofa saboda tana faɗa maka komai kafin ta yi: me za ta sa, me za ta cire, mega nawa za ta sauko. Amma sai ka karanta. Wani yaro da nake koya wa aiki ya ga bayani a intanet cewa ya cire tsohon Python, wani yaren rubuta manhaja, ya sa sabo. Ya rubuta sudo apt remove python3. Allon ya jero masa sunaye cike da shafi a ƙarƙashin kalmar REMOVED, ya danna Y bai duba ba. Rabin tsarin a kan Python yake tsaye, har da kantin da kayan sabuntawa. Da ya sake kunnawa sai baƙin allo da ɗan layi yana ƙiftawa, shi kuma gumi na keto masa. Timeshift ne ya fitar da mu, daga filas muka kunna muka mayar da hoton jiya. Tun ranar dokata ɗaya ce: ka nemi a cire abu ɗaya, ka ga an jero ashirin, danna N ka tambaya.

Ƙofa ta uku fayil ɗin .deb da ka sauko da kanka, shi ne ya fi kama da abin da ka saba. Chrome a nan take. Ka je shafin Google, zai ba ka zaɓi biyu, ka ɗauki .deb na Debian da Ubuntu, ba .rpm ba. Ka danna shi sau biyu, ko ka rubuta sudo apt install ./ haɗe da sunan fayil ɗin kana cikin foldar da yake. Chrome takan ƙara nata rumbun a jerin naka, saboda haka sabuntawarta za ta riƙa zuwa tare da sauran. Zoom ma tana da .deb a shafinta. Sharaɗin wannan ƙofa shi ne ka ɗauko daga gidan mai kayan, domin .deb da rigar mai gida yake shiga, babu lungun da hannunsa ba ya kaiwa. Maganar da ake yi cewa Linux ba ta kamuwa da cuta ba gaskiya ba ce gaba ɗaya. Abin da ke kare ta da yawa shi ne mutanenta daga rumbu suke ɗiba. In ka dawo da halin kwashe-kwashe, ka rushe katangar da hannunka. Firefox kuwa tana ciki tun farko, kana iya fara aiki da ita ka adana datarka.

AppImage fayil ne guda da ba a girka shi, ka ba shi izinin gudu a cikin Properties ka danna. Yana da daɗin rabawa ta filas, amma galibi kai za ka riƙa neman sabon zubi. PPA kuma rumbun wani mutum ne da kake jonawa da naka. Akwai nagari, amma yawancin kwamfutocin da aka kawo mini sun rikice wajen sabuntawa, in na leƙa sai in tarar da PPA biyar ko shida da mai ita ya manta dalilin sa su. A shekararka ta farko ka bar su. Haka duk wani dogon layi da aka ce ka kwafa ka liƙa alhali ba ka san me yake yi ba, musamman mai farawa da sudo.

Data da wuta

Kai da abokin aikinka kuna iya raba kuɗin data in Mint ɗinku zubi ɗaya ce. Idan ka yi amfani da apt-get a maimakon apt, fayilolin .deb da ya sauko sukan zauna a /var/cache/apt/archives. Ka kwashe su a filas, ka zuba a wannan folda ta kwamfutarsa, ya yi sudo apt update, sannan ya nemi manhajar. Zai tarar da kayan a gida, abin da ya rage kawai zai sauko. In wata rana makarantarku ta mayar da ɗakin kwamfuta kan Linux, akwai apt-cacher-ng: kwamfuta ɗaya ke saukowa, sauran su ɗiba a wurinta. Na yi wannan a ɗaki mai kwamfuta goma sha biyar, kuɗin data ya zama kusan na guda ɗaya.

Wuta kuwa, haɗarinta na lokacin da ake tsakiyar girkawa ne. In ta yanke ana saukowa, ba komai, a ci gaba daga baya. In kwamfuta ta mutu ana cikin warware ƙunshi, za a bar aiki rabi da rabi, kuma apt zai ƙi yin komai sai an ƙarasa. Kar ka ce sai an sake ɗora tsarin. Ka rubuta sudo dpkg --configure -a, bayansa sudo apt --fix-broken install. Kusan kullum wannan ke warware ta. In kuma ka ga saƙo mai cewa Could not get lock, wani aikin ne ke riƙe da rumbun, galibi Update Manager. Ka ba shi minti biyar. Za ka ga masu cewa a goge fayil ɗin kullen, kar ka biye musu.

Office, CorelDraw da haruffanmu

Microsoft Office ba ta da zubin Linux. Akwai ta intanet da ake buɗewa a burauza, amma ga mai ƙaramar data ba mafita ba ce. LibreOffice na cikin Mint tun farko, tana buɗe .docx tana kuma ajiye shi, tana da wurin rubuta alamomin lissafi. Don buga tambayoyi ta ishe ka. Ƙorafin da na fi ji shi ne takarda ta wargaje, shafi biyu ya zama uku. Sau da yawa ba laifin manhajar ba ne, salon haruffa ne babu. Ka sa ttf-mscorefonts-installer, zai kawo Times New Roman da Arial. Zai nuna maka takardar yarjejeniya, ka danna Tab ka kai kan Ok, a nan mutane ke maƙalewa. Ka ƙara fonts-crosextra-carlito da fonts-crosextra-caladea, faɗin haruffansu daidai yake da na Calibri da Cambria, layuka ba za su goce ba. Duk abin da za ka kai shagon bugu kuma ka mayar da shi PDF, yadda ka gan shi haka zai fito. In wani ya turo maka takarda mai tebura masu sarƙaƙiya ta ƙi zama, gwada OnlyOffice, takan fi riƙe fasalin .docx.

CorelDraw ce ba ni da labari mai daɗi a kanta. Ba ta da zubin Linux. Akwai Wine, wadda ke fassara kiran manhajar Windows zuwa abin da Linux ke ji, kuma ƙananan manhajoji da tsofaffi kan gudu a kanta lafiya. Manya irin CorelDraw da sabbin Office sukan ba da wahala, yau su buɗe gobe su ƙi, kuma ba zan ce ka ɗora katin bikin da aka ba ka kuɗinsa a kan haka ba. Inkscape za ta zana maka kati mai kyau, tana ma iya buɗe wasu fayilolin .cdr ko da yake ba kullum suke fitowa daidai ba. Matsala biyu ce. Hannunka ya saba da wurin da kayan aiki suke, sai ka yi makonni kana lalube. Sannan masu injin bugu a garuruwanmu .cdr suka sani, kuma launin bugu na CMYK suke so, Inkscape kuwa da launin allo take aiki. Mafita ita ce ka mayar da rubutun ya zama zane, ka fitar da PDF, in ana buƙatar CMYK ka bi da shi ta Scribus, manhajar tsara shafin bugu. Ka fara da kati ɗaya, ka kai wa mai bugunka, ka ga abin da zai ce. In ya karɓa shi ke nan. In ya ƙi, ga Windows ɗinka a gefe, ka shiga ka yi zanen ba tare da ka jona ta da intanet ba.

Haruffa masu lanƙwasa kuwa Linux ta fi sauƙaƙa su. A jerin kibod akwai na Hausa, na Najeriya da na Ghana, kana iya gwadawa. Hanyar gaggawa ita ce Ctrl da Shift da U, ka rubuta lamba, ka danna Enter: 199 na ba da ƙ, 257 ɗ, 253 ɓ. Manyansu 198 da 18a da 181. Mutanen Nijar masu rubuta ƴ, tasu 1b4 ce, alamar naira kuma 20a6. Amma ba mai buga shafi ashirin da haddar lambobi. Abin da nake yi shi ne, a saitin kibod in mayar da wani maɓalli da ba na amfani da shi, kamar Alt na dama, ya zama Compose, wato maɓallin haɗa haruffa. Sannan in buɗe fayil mai suna .XCompose a babbar foldata ta Home, layin farko in rubuta include "%L", a ƙasa in sa <Multi_key> <k> <k> : "ƙ", haka ma na d da na b, da manyansu. In fita in sake shiga. Daga nan Alt, k, k, sai ga ƙ. Kwana biyu yatsunka za su haddace. Ka dai duba cewa salon harafin da ka zaɓa yana da su. DejaVu da Noto suna da su, wasu salon ado na katin biki ba su da su, sai ka ga ƙ ɗaya ta fito da wata kama daban a tsakiyar sunan amarya.

Firinta ita ce abin da sai an gani. Sabbi da yawa da ka jona za su bayyana da kansu. Na HP suna da direbansu mai suna HPLIP, kuma wasu tsofaffi irin LaserJet 1020 da P1102 na buƙatar ƙarin guntu da ake saukowa da umarnin hp-plugin. Canon LBP2900 da ta cika ofisoshinmu tana aiki da direba na musamman mai suna CAPT, saita shi na buƙatar haƙuri, shi ya sa na ce ka gwada tun kana kan filas.

Ban ga kwamfutarka ba, kuma 'yan Beljiyam sukan zo da kayan ciki da aka sauya a hanya, musamman katin Wi-Fi. In wani abu ya ƙi, ka buɗe Terminal ka rubuta inxi -Fxz. Zai jero duk abin da ke cikinta, harafin z ɗin kuma yana ɓoye lambobin da suka shafe ka. Ka turo mini wannan, da hoton saƙon kuskuren yadda ya fito harafi da harafi, da sunan firintar makarantarku, sai mu duba tare in sha Allahu.